Kaset ɗin da Ya Tafi Kafanchan

Na danna rakoda ina jiran ƙarar jita, sai na ji muryata tana cewa, "Baba, ina wuni? Yaya aikin Ubangiji?" Wannan kaset ɗin gaisuwa ne, wanda ya kamata a ce yana cikin jakar wani ɗan cocinmu da ya tashi zuwa gida tun jiya. Tunda yana hannuna, to ɗayan ne ya tafi.

A lokacin ina Landover, a Amurka, wurin gwaggona, ƙanwar Baba, wadda take aikin nas. Na gama sakandare, na zo ina riƙe mata yara kafin in shiga makarantar jinya. Ba mu cika rubutu ba, kaset muke cikawa da gaisuwa mu ba mai tafiya, a can a tara gida a saurara. Baba dattijon ikilisiya ne a Kafanchan, kuma da sharaɗi ya sake ni: ranar da ya ji na lalace, ranar zan dawo.

Ɗayan kaset ɗin kuwa shirin rediyo ne da na yi wa kaina. Akwai shagon tsofaffin faifan waƙoƙi kusa da tashar bas, na maza an jera su a bango, na mata an cusa su cikin kwali a ƙarƙashin tebur. Abin ya ba ni haushi. Na riƙa durƙusawa ina tonowa, matan da suka riƙe jita da kansu, suka buga ganga da kansu, ba waɗanda ake tsayarwa a baya suna amshi ba. Da na tara, sai na kwaikwayi maƙwabcinmu, ɗan Nijar mai aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo. Na gyara murya na ce, "Jama'a masu sauraro, yau za mu ba mata haƙƙinsu." Na ɗauki faifan ɗaya bayan ɗaya, in sa waƙa, in faɗi matsayinsa da dalilina. Na ba da na ɗaya ga wata mai murya kamar ana kankare tukunya, domin ita ta rubuta komai, kuma babu waƙar da za ka tsallake. Na biyu wasu 'yan'uwa mata ne. Na uku ƙungiyar da mace take buga musu ganga. A tsakiya har ihu na yi tare da su.

Da na gaya wa Gwaggo, dariya ta fara, sai ta tsaya cak. Ta ce, "Ke 'yar nan, kin san yayana kuwa? Mutumin da ya hana a kaɗa ƙafa a coci?"

Na ce, "Gwaggo, ba batsa a ciki."

"Ihun fa? Da wane yare za ki fassara masa ihun?"

Daga ranar abinci ya daina shiga. Wayar gida ta yi ƙara, in ɗauka Baba ne. Har na fara ninke kayana a ɓoye.

Bayan wasu makonni ɗan cocin namu ya dawo da kaset ɗin amsa, ya miƙa wa Gwaggo bayan sujada ranar Lahadi. Muka zauna a falo da kayan coci a jikinmu. Baba ya gaishe da kowa, har jaririn Gwaggo da bai taɓa gani ba, ya ba da labarin ruwan sama da wanda ya rasu. Sannan ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Saƙon 'yata ya iso. Na tara mutane kamar yadda aka saba, har da matan zumunta da suka zo gaida uwarta. Na ɗauka rakodar ce ta lalace."

Na riƙe hannun kujera. Sai aka ji motsi, muryar Mama ta shigo. Mama ce mai buga tulu idan ana waƙa a zumuntar matan coci tun kafin a haife ni.

Ta ce, "Ba ni nan, Malam. Ke, yarinya, kina ji na? Kin yi rashin adalci. Mai gangar nan da kika sa ta uku, ita ce ta ɗaya. Mun mayar da wurin sau da yawa, ko kaɗan hannunta bai zame ba. Waccan mai kururuwar, a kan gangar wa take tsaye? Haka ake mana a nan ma, a yabi mai waƙa a manta da mai tulu. Ki gyara."

A bayanta mata suna ta "Ƙwarai kuwa!"

Gaskiya ban gyara ba. Mai gangar ta iya, amma faifai ake aunawa gaba ɗayansa, kuma nasu yana da waƙoƙi biyu da ba su da gishiri. Wannan na sani ko a lokacin.

Baba ya karɓi magana, muryarsa a gajiye. "Ni ban ji kiɗa a ciki ba. Amma na ji Hausarta ba ta karye ba, kuma matan nan sun hana ni sakat. Ta zauna ta yi karatunta."

Gwaggo ta kashe rakodar, ta cire ɗankwalinta tana fifita da shi. Ta dube ni ta ce, "Kin tsira, 'yar nan. Je ki warware kayan da kika ninke, ai na gani."