Bokitin da Ya Kusa Raba Inna da Autanta

Ko tsufa ya kai ni ina manta inda na ajiye carbina, makon da Inna ta yi alkawarin ɗaga wa autanmu nono ba zai fita daga raina ba. Har yau idan waya ta yi ƙara ranar Juma'a da hantsi, sai gabana ya faɗi kafin in tuna cewa abin ya wuce da shekaru.

Mu biyu muka rayu a 'ya'yan Inna. Ni ce 'yar fari, ina aure a Karaye ina koyarwa a firamare, ita kuma tana gidanmu na Rogo Sabon Gari tun bayan rasuwar Baba. Auta ya tafi Saudiyya neman na kansa, ya sami kiwon tumaki a hannun wani Balarabe can cikin daji. Ba ya shiga gari sai Juma'a. Idan suka idar da salla, mu nan hantsi ne, sai ya shiga wani shago da ake kiran gida da araha ya kira Inna. Lokacin babbar waya mai nuna mutum ba ta yawaita ba, balle a ce ya haska mata inda yake. Inna ba ta yi boko ba, amma ta san kiran ɗanta sarai: lamba ce doguwa, sai ta cika fuskar 'yar wayarta har ta gangaro ƙasa.

To, sai lambar ta gajarce. Murya tasa ce, gaisuwa tasa ce, amma kowace Juma'a da wata sabuwar lamba gajera. Da Inna ta bar abin a ranta da sauƙi, sai ta nuna wa maƙwabciyarmu mai ƙuli-ƙuli, matar da magana ba ta kwana a cikinta. Ta duba ta ce, "Inna, wannan ai lambar gida ce, irin tawa sak." Shi ke nan! Kafin kasuwa ta sake ci, unguwa ta ɗauka cewa an kamo auta an dawo da shi, yana Kano yana gararamba, kunya ta hana shi zuwa gida. Har aka sami wanda ya rantse ya hango shi a tashar mota. Mutanenmu ke nan, Allah ya shirye mu.

Ina gidan ranar da abin ya fashe. Waya ta yi ƙara, Inna ta kalli lambar, ta ɗauka ko sallamarsa ba ta amsa da kyau ba. "Kana ina?" Ina jiyo shi yana cewa, "Inna, ina inda kika sani mana. Wallahi..." Ta katse shi. "Kada ka rantse min. In ka dawo hannu rabbana, ai ba kuɗi na haifa ba, ɗa na haifa. Amma ka zauna a ƙasar nan kana yi min ƙarya duk Juma'a? To, Juma'a mai zuwa in ban gan ka a ƙofar ɗakin nan ba, zan ɗaga maka nono." Ta kashe wayar ta tura ƙarƙashin tabarma.

Innalillahi! Duk wanda ya san Inna ya san ba ta faɗin abu sau biyu, kuma wanda uwa ta tsine wa, ina zai sa kansa? Na durƙusa ina ba ta haƙuri, ta ce, "Ke, tashi ki ba ni wuri." Sunana dai ba ta taɓa kira ba saboda kunyar 'yar fari, amma ranar ko kallona ba ta yi ba.

Na kwashe lambobin nan a wayata na shiga kira. Wannan a kashe, waccan ana magana, wata ma ko ƙara ba ta yi. Ba ni da wata hanyar samun yaron nan, sai dai shi ya neme mu. Na je wurin kawunmu, ya ce uwa ce, a bi ta a hankali. Wane hankali, kwanaki suna tafiya? A aji ina rubutu a allo ina manta abin da nake rubutawa. Abinci na kasa ci, zama na kasa yi, sai in fita tsakar gida in dawo ba tare da na san abin da na je ɗauka ba. Maigidana ne ya gaji da safa da marwata ya ce, "Ki je shagon kamfanin wayar mana, su suka san layukansu."

Na je shagon nasu a nan Karaye. Ma'aikaciyar da ke kan tebur ta saurare ni, ta haɗa ni da wani injiniyansu da ya zo duba ƙarfen sabis. Ban gama bayani ba ya gyaɗa kai. Ya ce, "Malama, ƙaninki bai yi ƙarya ba. Sata ake wa kamfani, ku kuka faɗa a tsakani." Ya ce kiran ƙasar waje ƙofarsa daban, kuɗinsa daban. Ɓarayi sai su janye kiran ta intanet, su sauke shi a cikin wani akwati da suka cika da layukan gida, akwatin ya kira mutum kamar daga maƙwabta, su kuma su soke rarar a aljihu. Na ce, "To ku kuna ina ake wannan?" Ya yi dariya, ya ce suna farautarsu kullum. Layin mutum yawo yake, yau kasuwa gobe gona, ya kira a kira shi. Layin akwati kuwa ba ya barin ƙarfen sabis guda, ba ya amsa kowa, ba ya hutawa, kira kawai. Wani lokaci ma su da kansu suke kiran layinsu daga waje, su ga da wace lamba zai shigo, su toshe ta. Ya karɓi lambobin da na zo da su ya ce zai tura.

Ko gida ban koma ba na hau acaɓa sai Rogo, ina jin kamar in karɓi tuƙin. Na zayyana wa Inna komai ina haki. Ta gama tsince gyaɗarta tsaf, sannan ta ce, "Akwati? Akwatin ne yake magana da muryar ɗana? Ashe ke ma kin shiga sahun masu raina min hankali." Kai, ranar na yi kuka a hanya har ɗan acaɓa ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Ana cikin haka, ranar Laraba layin Inna ya mutu murus. Na kira na kira, shiru. Wato ko auta ya kira ya roƙe ta, ba zai same ta ba. Na faɗa shagon nan kamar zan ci mutum, na ce na kawo ƙarar ɓarayi kun rufe layin tsohuwa? Ma'aikaciyar ba ta biye min ba, ta ce in kawo mai layin da kanta. Da safiyar Alhamis na je na tsaya a kan Inna, na ce ko dai ta shiga mota ko in kwana a ƙofar ɗakinta. Ta shiga, amma har muka iso Karaye fuskarta tana taga.

Aka sa ta dangwala yatsa, ma'aikaciyar ta juyo mana da kwamfuta. Sai ga Inna a ciki, da koren mayafinta, ta runtse ido saboda rana, bayanta rumfar masu gyaɗa ta kasuwar Rogo. A ƙarƙashin hoton kuma layuka ne jere. Ma'aikaciyar ta ce, "Iya, duk waɗannan da sunanki aka buɗe su. A cikin akwatin da aka toshe aka same su, shi ya sa rufewar ta haɗa da naki."

Inna ta daɗe tana kallon hoton. Can ta ce, "Ranar bokiti ce." Ashe bara bayan girbi wasu samari sun kafa lema a kasuwa da lasifika, suna raba bokitin roba kyauta, wai tallafi ne ga mata. Sharaɗin kawai a ɗauke ki hoto ki dangwala yatsa. Suka yi ta cewa, "Sake, Iya, na'ura ba ta kama ba," tana sakewa. Rabin matan unguwarmu sun karɓo, har da mai ƙuli-ƙuli. Mu da ba ma mayar da hannun kyauta baya, wa zai tsaya tambaya?

Sai Inna ta ce, "'Yata, to da layukan nan nawa wa ake kira?" Ma'aikaciyar ta ce, "Iyayen wasu, Iya. Kamar yadda aka kira ki da na wata." Inna ta dafe ƙirji. "Ke nan akwai wata uwa a wani gari da take ganin lambata tana ce wa ɗanta maƙaryaci?" Ta ja mayafi ta rufe fuska, ban taɓa ganin hawayenta a gaban baƙi ba sai ranar.

Aka soke layukan bogi, aka ce nata zai dawo, amma sai an ɗan jira. Juma'a ta waye muna zaune mun sa waya a tsakiyar tabarma. Hantsi ya yi, babu sabis. Inna ta tashi ta share tsakar gidan da ta riga ta share, ta dawo ta ce in duba. Sai da maza suka fara wucewa masallaci layin ya farfaɗo, amma lokacin kiran auta ya wuce. Ta ce, "Ya kira bai same ni ba, zai ɗauka na riga na yi."

Gab da la'asar wayar ta yi ƙara. Lamba doguwa, ta cika fuskar wayar ta gangaro. Ashe ya gwada a shago bai samu ba, ya yi ta yawo har wani ya ara masa tasa. Kuka yake yana cewa, "Inna, na roƙi maigidana ya ba ni fasfona, zan bar aikin in taho, don Allah ki ƙara min kwana." Inna ta ce, "Zauna inda kake. Ni ce zan ce ka yafe min." Ya ce, "Subhanallahi, Inna!" Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ya yi maka albarka," ta yi ta maimaitawa har kuɗin mutumin ya ƙare.

Bokitin nan Inna ba ta sake ɗiban ruwa da shi ba. Ta rataye shi a zaure, duk matar da ta shigo da labarin ana rabon kyauta a kasuwa, sai ta nuna mata shi ta ce ta fara tambayar me za a karɓa a hannunta. Ni kuma abin da na koya shi ne, yatsana da fuskata ba abin bayarwa ba ne don an miƙo min roba, kuma ba na yanke wa mutum hukunci da abin da waya ta nuna min. Muryar ɗanta Inna take ji duk Juma'a tana gaya mata gaskiya, amma saura ƙiris ta tsine masa saboda lamba.