Isufu ya tafi da makullin kwamfutata

Isufu ya rasu. Da safen nan maƙwabciyata ta leƙo ta faɗa mini, ina zaune gaban kwamfutar da ya ba ni. Zazzaɓi ne, in ji ta. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

An kai shi tun hantsi. Ƙafafuna ba su bar ni na bi gawarsa ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne mai kula da kwamfutocin ƙungiyar manoman albasa ta Garou. Ba ɗana ba ne, ba dangina ba. A masallaci muka saba. Da ya ji ɗiyata tana aure a Kwatano, ni kaɗai na rage a gida, sai ya ɗauro wata tsohuwar kwamfutar da ofishinsu ya daina aiki da ita a bayan babur, ya kawo mini. Da ita nake ganin fuskar ɗiyata, da ita nake rubuto muku, don wayata ta kira ce kawai.

A cikinta akwai ɗan tsarin da ya rubuta da hannunsa tun tana ofis. In ka kunna, sai ta nemi sunanka da kalmar sirri, ta gwada su da abin da ya ajiye mata. In ka kuskure sau uku, ta kulle. Ba mai buɗewa sai Isufu, da tasa kalmar.

Ni kuwa a kan tafireta na koyi aiki. Har yau dukan harafi nake yi da ƙarfi, ga rawar hannu. In buga ɗaya, biyu su fito, kuma ba na gani, don ɗigo-ɗigo kawai take nunawa.

In ta kulle, sai in kira shi. Ya zo yana dariya tun daga ƙofa: "Baba, ka sake yi mata dukan jaki?"

Bai taɓa zuwa hannu wofi ba. Wani lokaci soyayyen kifi daga bakin kogi, wani lokaci man zafi na gwiwa. Ya buɗe ta nan take, sannan ya zauna ya sha shayi kamar ba shi da wani aiki a duniya.

Ranar Juma'a ya zo na ƙarshe. Na ce masa: "Isufu, don Allah cire wannan kulle. Mi gare ni da za a sata? Ina wahal da kai a banza."

Ya ce: "A'a Baba, shina nan. Kai ba ka kiran mutum don kanka, ko kana mutuwa. Amma don kwamfuta kana kira. Ran da hannunka ya yi rawa ƙwarai, ita ka faɗa mini."

Na ce masa ɗan banza. Ya buɗe ta, ya tafi.

Tun ranar ban kashe ta ba. A buɗen da ya bar mini nake wannan rubutu. Amma kun san halin kuran, wutar lantarki, a nan Malanville. Da ya ɗauke za ta mutu, in ya dawo ta nemi kalma, ga hannuna yau ko kofin shayi ba ya riƙewa. Ban san wanda ya san kalmar Isufu ba. Ba ni da fuskar da zan tambayi matarsa wannan, tana cikin takaba.

Ban san yadda zan yi ba.

Ya Allah Ka gafarta wa Isufu, Ka sauƙaƙa masa tambayar kabari, Ka rufa wa iyalinsa asiri kamar yadda ya rufa mini.

Duk wanda ya karanta, ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce. In kuma kuka ji ni shiru a nan, wanda yake kusa ya biyo ya ƙwanƙwasa mini ƙofa.