Ranar da Baba Ya Ɗauke Ni Gwajin Jar Mota

Kwana tara ke nan, amma har yanzu idan na ɗauki tiren shayi sai kofuna su kama kaɗawa. Inna ta ce in rubuta abin, wai ko zai fita daga jikina.

Babana bakanike ne a bayan kasuwar Gadarif a ƙasar Sudan, Usta ake ce masa, wato gwanin sana'a. Shekara ashirin yana gyaran tarakta da manyan motocin ɗaukar dawa, kuma rabin abincin gidanmu daga taraktocin wani Alhaji mai gonakin riɗi a Simsim yake fitowa. A tsakiyar damina Alhajin ya kawo wata jar mota da ɗansa ya aiko masa daga ƙasashen Larabawa, mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, kukanta kuwa sai ka ce zaki ya yi mura. Ya ce giya ta ƙi shiga.

"Usta, ranar Juma'a zan dawo. In ka kasa, ba faɗa, sai in kwashe taraktocin in kai wa bakaniken garin Shuwak."

A gaban matar da ke sayar da shayi da mutanenta ya faɗa. Baba ya dawo gida bai taɓa tuwo ba.

Ni aka kira saboda littafin motar da Turanci yake, ni kuma na gama sakandare. Kwana uku ina zaune a kan tsohuwar taya a gareji, na naɗe mayafi har gira, ina karantawa yana musu da littafin. Abin da ya gano shi ne, idan inji a kashe yake giya tana shiga sumul, da an tayar sai ta cije. Ribas kuwa sai ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ya ce ashe laifin ba na akwatin giya ba ne, kuloci ne ba ya sakin inji gaba ɗaya. Ya duba man kuloci, cike yake. Ya fitar da iskar da ke cikin bututu har sau biyu. Ya shinshina, babu ƙaurin farantin kuloci da ya ƙone. Abin haushi, tun da motar ta shigo hannunsa ciwon ƙaruwa ya yi.

Ranar Alhamis ya ce sai ya ji ta a kan kwalta. Ya ce in shiga in riƙe littafi.

"Baba, ai littafin ba ya bukatar ganin hanya."

"Shiga, ya bitti, shiga 'yata. Kuma ɗauko takardar makarantarki mai sunana, kar masu tsare hanya su ce wata na sato."

A 'yan kwanakin nan an matsa wa mata a titi, shiga gaban mota da namiji sai da hujja. Na riƙe takarda a hannu ɗaya, littafi a ɗaya, muka kama hanyar Shuwak.

Mutumin da ya saba da tarakta, ƙafarsa ba ta san lallashi ba. Ya taka totur, kaina ya bugi kujera, bishiyoyi suka haɗe suka zama bango. Yana kokawa da sandar giya da hannu biyu, ban san wa ke riƙe da sitiyari ba.

"Kin ji? Kin ji yadda take gurnani a ta uku? Me littafin ya ce?"

"Ya ce a tsaya, Baba!"

"Ƙarya kike, duba da kyau!"

Ina cikin kalmar shahada sai ga garken raƙuma suna tsallaka titi, a natse, kamar kwaltar ubansu ce. Baba ya danne kuloci da birki tare, amma motar ta ci gaba da ja tana tsalle. Na ga gwiwar wani raƙumi daf da gilashi, har gashin jikinta na gani. Sannan inji ya shaƙe ya mutu. Raƙumin ya leƙo mu yana tuƙa, ya wuce.

Baba ya fita yana ba makiyayin haƙuri. Ni na zagaya ɓangaren direba don ɗauko littafin da ya faɗa can, sai tsoro ya durƙusar da ni a bakin ƙofa. Da ba don tsoro ya kai ni ƙasa ba, da ban gani ba.

Duk wanda ya san baƙar lakar Gadarif ya san ba a shiga mota da damina sai an shimfiɗa buhu a ƙasa. Ido ya saba har ba ya ganinsa. A ƙarƙashin kulocin nan buhunan riɗi uku ne a ninke, laka ta bushe a tsakaninsu ta zama tubali, ga wani ɗan rami mai sheƙi inda ƙarfen yake dukansu. Kulocin tarakta yana da tsawon tafiya, ko katifa ka sa zai kai. Na wannan 'yar gatan kuwa bai wuce faɗin tafin hannu ba.

"Baba, zo ka gani."

Ya durƙusa. Ya jawo na farko, na Alhaji. Na biyu, na direban Alhaji. Na uku ya tsaya yana kallonsa, don da hannunsa ya shimfiɗa shi ranar da motar ta zo, wai kar ya ɓata wa mutane kaya.

Ya tayar, ya taka, giya ta shige kamar cokali a man shanu.

"Ko Innarki kar ta ji."

Na ce to, amma da sharaɗin a giya ta biyu za mu koma gida. Haka muka koma, har jaki ya wuce mu.

Juma'a bayan masallaci Alhaji ya zo, ya zagaya kasuwa da ita ya dawo yana dariya, ya ce taraktoci suna nan inda suke. Ya tambayi abin da ya lalace. Baba ya ce wani abu ne ya tokare a ƙasa, ya cire, kuma bai yi ƙarya ba. Sai Alhaji ya dubi lakar da ke takalminsa, ya waiga ya ce wa direbansa, "Kai, miƙo buhu."

Ban taɓa jin Baba ya daka wa mai kuɗi tsawa ba sai ranar.

"Haram, ya Hajj! Irin wannan mota ba a shigarta da buhu. Takalmi ake cirewa."

Jiya na hango Alhajin a ƙofar kasuwa yana fitowa daga jar motar ba takalmi, yana ɗingishi a kan tsakuwa, direba na biye da shi riƙe da takalman. Na so in yi dariya, amma da suka dawo Alhajin ya sake tayar da injin sai na tsinci kaina a bayan rumfar mai albasa.