Wifin Cikin Ciki

Shekarar da matan ƙungiyar manoman wake na yankinmu na Urafane suka ba ni riƙon takardu, na sayi wata ƴar ordinater, wato kwamfuta, a Tasawa, ƙarama kamar faifan rufe ƙwarya. Mai shagon ya cika ni da surutu, wai ita wifinta a cikin ciki yake, da shi aka haife ta. Na biya ina ta murna, sakarai da ni.

Damina uku ta yi mini aiki. A ta huɗu na hau kabu-kabu zuwa ofishin da ke raba irin shuka, ranar ƙarshe ta karɓar sunaye. Wadda sunanta bai shiga ranar ba, ba ta da iri bana. Na buɗe ƴar na'urata, don in tura sunayen, ta dudduba, ta ce babu rezo, ta kasa kama wifin ofishin. Wayoyin kowa a ɗakin suna kamawa.

Ma'aikacin ofishin, wani mai ƙamshin turare da siririn gemu, ya leƙo a yatsine.

"Madam, wagga ai ta tsufa. An sake akwatin wifi, sabon tsari ne, ba ta gane yarenshi."

"To a sake mata nata," na ce.

"Masu ƙera ta liƙe shi suka yi da allon ciki. Sai dai ki sayi wata."

Har yau in na tuna ina jin haushi. Wasu can sun zauna cikin sanyi, kowace ƴan shekaru su sake tsari kamar masu sake zane, sun san za su sake, amma suka liƙe tsohon yadda ba ya ciruwa. Ko garma ana cire mata baki a sa sabo. Na miƙa wa ma'aikacin kile, ɗan abin nan na ɗaukar bayanai, in kwafe masa sunayen, ya ja hannu baya, wai tsoron birus, cutar na'ura.

Sai karatu. Ina kiran suna, yana dannawa a tasa ordinater da yatsa biyu, yana tsayawa amsa waya. Ƙauye bayan ƙauye, har makogwarona ya bushe. Da lokacin tashi ya yi, ya rufe tasa ya ɗauki makullin babur.

Ƙauye ɗaya ya rage, namu. Ni na sa shi ƙarshe da hannuna, don kar a ce na fifita dangi. Sunan innata ne na farko a ciki, kuma ita ta tarye ni a bakin hanya tana tambaya yaushe za a zo da buhu.