Wadda Ta Tsare Raga da Sunan Suwaiba

Suwaiba ɗiyar manomin gero ce daga wani ƙauye a ƙasar Zurmi. Shekarar da zaman ƙauyen ya gagara, mahaifinta ya kwashe iyalinsa suka dawo Kaura Namoda, aka samar mata gurbi a wata sakandaren 'yan mata. Ajin da aka sa ta duk irinta ne, 'yan matan da suka baro garuruwansu, sai 'yan kaɗan 'yan gari. Sauran ɗalibai suna kiran su ajin baƙi, kuma ba da daɗin baki suke faɗa ba.

Ƙwallon hannu ce ta haɗa kansu. Malam Labbo, malamin wasanni, ya jefo musu wata tsohuwar ƙwallo don su rage masa surutu, su kuwa suka riƙe ta da gaske. Kullum bayan la'asar suna fili, da dogon wando da ƙaramin hijabi. Nazifa, 'yar Shinkafi mai kaifin baki, ita ce kyaftin, ita ce kuma aminiyar Suwaiba, kwano ɗaya suke ci. Janet, wadda mahaifinta ke da kemis kusa da tasha, ita ke kawo man zafi idan wata ta gurɗe. Waɗanda ba sa wasa su ɗebo ruwa, su yi waƙa da tafi. Suwaiba kuwa gola ce. Gajera ce, amma ba ta tsoron ƙwallo. Da fuska ma tana tare ta.

Suka cinye duk azuzuwan makarantar, aka daina ce musu baƙi. Aka ɗauke su kacokan suka wakilci makaranta a gasar shiyya, suka doke 'yan Shinkafi a wasan ƙarshe. A wasan nan ne Suwaiba ta tare bugun da ya fasa mata leɓe, ta tashi tana tofar da jini tana dariya. 'Yan ajin suka ɗaga ta sama har bakin mota. Saura gasar jiha a Gusau.

Ran tafiya Suwaiba ta zo da wuri, da jakarta da ƙullin ƙuli-ƙulin da innarta ta soya wa 'yan wasa. A gindin mota ta ga wata doguwar mace da ba ta taɓa gani ba, wadda ko makaho ya shafa ya san ta daɗe da gama sakandare. 'Yan ajin suna ta kauda kai. Sai Nazifa ta jawo ta gefe.

"Suwaiba, ba ni rigarki."

"Wace riga?"

"Ta wasa. Malam ya ce 'yan Gusau dogaye ne, sama za su riƙa jefa miki. Wagga da kika gani ita za ta tsare raga."

"Ai ba 'yar makarantarmu ba ce."

"Da sunanki za ta shiga. Wa zai duba? Ki yi haƙuri, don aji ne."

Suwaiba ta dubi sauran. "Ku ma kun sani?"

Babu wadda ta ɗago. Janet ce kawai ta matso, idonta ya ciko. "Tun makon jiya aka tara mu, ranar da kika raka innarki asibiti. Na ce a gaya miki, Nazifa ta ce idan kin ji za ki ɓata shiri."

Tun makon jiya. Ke nan duk atisayen da ta yi ta faɗuwa a ƙasa suna mata tafi, sun san ba za ta je ba. Ta buɗe jaka, ta zaro rigar da ta wanke ta goge da dutsen gawayi, ta miƙa wa Nazifa. Ƙuli-ƙulin ma ta ba su, don ba za ta iya mayar wa innarta da shi ta yi bayani ba. Mota ta tashi suna rera waƙar aji.

Suka ciyo kofi. Abin da ya fi mata ciwo a asambuli ya faru. Firinsifal, wadda ba ta san abin da aka ƙulla ba, ta ɗaga wata lambar yabo ta ce an zaɓi Suwaiba gwarzuwar masu tsaron raga ta jiha, ta fito ta karɓa. Makaranta ta ɗauki tafi. Nazifa ta tsunkule ta a baya.

"Tashi mana! Kada ki tona mu."

Suwaiba ta fita. Ta tsaya gaban firinsifal, hannayenta a baya.

"Hajiya, ni ban je Gusau ba."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Aka yi bincike, aka mayar da kofin, aka ɗauke Malam Labbo daga makarantar. Sai ajin ya juya mata baya gaba ɗaya, wai ita ce ta ci amanarsu. Aka daina zama benci ɗaya da ita. Idan ta shigo, hira ta mutu. Haka ta ƙarasa shekarar ƙarshe, daga ita sai Janet, kuma ba ta sake taka filin wasa ba.

Yanzu Suwaiba tana koyarwa a wata firamare a cikin garin Zurmi, tana da aure da 'ya'ya. Bara suka haɗu da Nazifa a gidan suna a Kaura. Nazifa ta rungume ta, tana ta ba matan wurin labarin ajinsu da yadda suka doke Shinkafi, har ta ce, "Da ba don taurin kan wagga ba, da kofinmu yana ofis har gobe." Mata suka yi dariya. Suwaiba ta jira ko za ta ƙara wata kalma, ko da a ce yarinta ce. Ba ta ƙara ba. Suwaiba ta yi wa mai jego barka, ta goya ɗanta, ta fita neman motar Zurmi tun kafin a raba abinci.