Teburin Ragib mai rami biyu

Daga Allah muke, kuma duk can za mu. Ranar Talata 14 ga Janairu, bayan azahar, Allah ya karɓi ran maƙwabcina Ragib Kadirić, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a nan Konjic. Ciwon zuciya ne, a rumfarsa ta bayan gida, zarto na hannunsa.

Ragib, ka tafi ka bar ni da tambayoyi. Tun da ka yi ritaya ka kama wasa da katako, babu gidan da ba ka gyara wa kujera ko ƙofa ba a layinmu, ladanka finjalin gahawa kawai. Amma teburin nan na ƙarshe ya ɗaure mini kai. Ka sare itacen tuffar da mahaifinka ya shuka, ka shanya katakon, ka goge shi har yana ƙyalli. Sai ka ɗauko kurfi ka fafe ramuka biyu a samansa.

Na ce, "Maƙwabci, ka ɓata katako. Ko kaji za su sha ruwa a ciki?"

Ka ce, "Kai dai riƙe min nan, malamin surutu."

Ƙafafun ma kullum sai ka rage musu tsawo. Ka kai shi cikin gida, ka dawo, ka sake yankewa. Ban taɓa ganin mutum mai rowar bayani irinka ba.

Bayan kwana bakwai 'yarka Almasa ta roƙe ni in ɗaura ƙafar teburin da ta rage. Ta ce tun da ɓarin jikin mahaifiyarta Ziba ya shanye, ta daina shan gahawa, domin finjali zamewa yake daga faranti, ita kuwa ta rantse ba mai ɗura mata a baki kamar jaririya. Tun rasuwarka ko abinci sai da lallashi.

Na ƙarasa shi yadda na iya, na kai. Ya haye kan gadonta daidai, ko yatsa bai wuce ba. Almasa ta sa finjali a ramin dama, ya zauna daram. Ziba ta tsoma ƙwayar sukari a gahawar da hannunta mai lafiya, ta gatsa, ta ɗaga finjalin da kanta. Wallahi sai da na juya fuska.

Amma bakina bai iya shiru ba. Na ce, "Hajiya, ɗaya ramin fa?"

Ta dube ni ta ce, "Kai ka taɓa ganin an sha gahawa mutum ɗaya? Nasa ne." Sannan ta ce wa Almasa, "Zuba wa maƙwabci a nan, kada ta huce."

Na sha, Ragib. Ban taɓa shan gahawa mai wuyar haɗiya irin wannan ba.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Hajiya Ziba da Almasa, Allah ya ba ku haƙuri, mu ma ya ba mu.