Jinjina ga Malam Ɗantani, Mai Warware Turancin Littafi

Kullum bayan La'asar Malam Ɗantani kan shimfiɗa buzu a zaurensa da ke Kabara, 'yan sakandare su kewaye shi da littattafan adabin Turanci. Tsohon tafintan En'e ne, amma karatun nasa irin na zaure ne: ɗalibi ya ja baƙi, Malam ya fassara, ɗalibi ya ce, "Na'am." Wasu malaman unguwa suka ce ya ɓata buzu da yaren Nasara. Ko kallo ba su ishe shi ba.

Akwai kalmomin da ba ya fassarawa a zaune. Sabo ɗan Ilu marini shaida ne. Ya taɓa faɗuwa jarrabawar adabi, uban kuwa ya rantse in ya sake, to sai karofi, boko ya ƙare. Yaron ya haddace ƙamus kamar me, amma a ce ya faɗi abin da marubuci ke nufi, sai ya yi tsuru-tsuru. Ran nan ya zo da kalmar "desolate".

Ya ce, "Malam, ƙamus ya ce wurin da ba kowa."

Malam ya ce, "Kasuwar Kurmi ma da asuba ba kowa. Ita ce?"

"A'a."

"To ɗauko takalminka."

Ya kai shi wani kango wajen Ƙofar Kabuga. Katanga ta zube, tumfafiya ta tsiro a tsakar gida, ga duwatsun murhu nan yadda aka bar su. Malam ya ce, "Nan matata Luba take girki. Sanƙarau ya ɗauke ta da 'ya'yanmu biyu a bazara ɗaya. Duba da kyau, ba zan sake kawo ka ba." Suka juyo gida.

Sabo ya ci jarrabawa, yana Zariya yana koyon aikin malanta.

Bana ido ya yi rauni, Malam ya sallami ɗalibai. Kai ne, Malam, gagara-gwani, wanda bai taɓa sallamar yaro da rabin ma'ana ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Malamai masu tasowa, ku yi koyi, amma ku san abin ba arha. Duk Kabara an san tun da aka binne Luba, dattijon nan zagaye yake yi don kada ya bi ta layin wancan kangon. Saboda kalma ɗaya ya shiga.